Hannun Hagun Oga Bitrus

Duk wanda zai yi mini magana ya zagayo ta dama, ya kuma ɗaga murya. Kunnen hagu ya daɗe da mutuwa, na daman ma saura ƙiris. Na ji abin da ɗayanku ya faɗa da kuka shigo, ko in ce na gani a bakinsa: wai bes ai ita ce mai sauƙi a cikin jitoci, tsirkiya huɗu ce kawai, dum-dum-dum, wata ɗaya ya isa. To madalla. Ni Sada na fi shekara talatin ina rataye da ita a wuya, har sunana ya koma Sada Bes a garin nan, ban taɓa ganin sauƙinta ba. Ku zauna kan akwatunan nan, ku bar taɓa mini wayoyi, in gaya muku yadda sana'ar take tun kafin ku sa iyayenku su saya muku abin da zai ƙare a ƙarƙashin gado.

Aikina na farko gyara ne, ba kiɗa ba. Mahaifina mai gyaran rediyo ne a Ƙofar Kwaya, ni nake riƙe masa dalma in yana liƙi. Lokacin Katsina ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, ma'aikata sun cika gari, kowane mako akwai liyafa. Wata rana da hantsi wani dogon mutum ya sauke amfilifaya daga bayan babur, ya ce tana ƙugi. Sunansa Bitrus, mutumin Filato, ma'aikacin lantarki a wata ma'aikata. Ranar Lahadi yana kiɗa a coci, sauran ƙarshen mako kuma yana da ƙungiyarsa ta makaɗa. Da mahaifina ya gama gyara, mutumin ya kwance wata doguwar jita daga cikin zane don ya gwada. Ya ja tsirkiya mai kaurin nan sau ɗaya. Ƙusoshin da ke cikin gwangwani suka hau rawa, ni kuwa na ji abin a haƙarƙarina kafin kunnena ya ji. Tun ranar na lalace, in ji mahaifina.

Sai da na yi wata da watanni ina naci kafin ya yarda. Ya kira Oga Bitrus ya zaunar da shi a bencin shago.

Ya ce, "Yaron ga ya ƙi gyara, ya ce shi sai kiɗa. Na ba ka shi. Amma salla ba ta wuce shi, kuma ko warin giya na ji a rigarsa, shi ke nan."

Oga ya ce, "Malam, in ya bar salla ni zan fara dukansa kafin ya iso wurinka."

Ya kuwa cika. Ko muna tsakiyar gwaji, da an kira la'asar zai ɗaga hannu ya ce, "Sada, tashi."

Kun zaci ya miƙo mini jita? Lasifika ya miƙo mini. Shekara guda ina dakon akwatunan da suka fi ni nauyi, ina naɗe waya, ina zuba wa janareto mai. In ka naɗe waya a gwiwar hannu kamar igiyar shanya, zai warware ta ya jefa maka, don haka ake karya ta daga ciki, ranar aiki ta ba ka kunya. Da ya ga ban gudu ba, ya zaunar da ni a ƙasa kusa da Lawal mai ganga, ya ce kada in kalli kowa sai ƙafar Lawal ta dama, wadda ke taka babbar ganga. Ya ce mai bes ba ya bin mawaƙi, ba ya bin masu rawa, ƙafar nan yake bi. In kun sauka tare, ƙugun mutane zai motsa ba su san dalili ba. In kun saɓa ko da ƙiftawar ido ne, sai ka ga fili ya yi sanyi, a ce makaɗan yau ba su da daɗi. Ba wanda zai ce mai bes ne. In ka yi kyau ba a san kana wurin ba, in ka ɓata kowa ya tashi. Wanda ke son a riƙa nuna shi da yatsa ya je ya riƙe makirufo.

Jitar farko da ya bar mini wata tsohuwa ce mai nauyin tsiya, wuyanta ya ɗan lanƙwashe, tsirkiyoyin sun yi nesa da katako har sai ka danna da ƙarfin gaske. Yatsuna suka yi bororo, suka fashe, suka sake yi, sannan suka yi kanta. Ku duba, har yau allura ba ta shiga nan. Ku kuwa in kun je saye launi kuke kallo, ja ko baƙa mai sheƙi, mai tsirkiya biyar don a ce kun fi wani. Ɗaga ta za ka yi ka sa ido daga gindinta zuwa kai kamar mai duba sanda, ka ga ko wuyan a miƙe yake. Ka danna kowace gaɓa ka ji ko tana zizar ƙarfe. Ka rataya ta ka tsaya, don ranar biki ba zama za ka yi ba. Kuma ka sani katakon nan yana numfashi. Da damina ya sha danshi ya motsa, da bazara ya bushe ya koma, kullum kana binsa da ƙaramin makulli kana lallashi.

Tsirkiya kuwa a da sai an yi saƙo Kano ko Legas. In ta dushe saboda gumi da dattin hannu, ba a yar da ita, dafa ta ake yi. Ka kwance su huɗun, ka naɗe, ka jefa a tafasasshen ruwa, ka ga baƙin mai yana tasowa. Ka shanya, ka mayar, muryarta ta dawo ta ɗan kwana biyu. Na taɓa yin haka a tukunyar miyar mahaifiyata, ban sake ba. Lasifika in takardarta ta yage, gam da ƙyallen tsohuwar riga muke sa mata. Amfilifaya ɗaya muke da ita, murya da jita duk ta nan suke bi. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Inda muka sha bamban da Oga shi ne takarda. Shi a coci ya tashi, ya iya karanta kiɗa, layuka biyar da ɗige-ɗige kamar kashin ƙuda, ya kuma iya do-re-mi. In an kawo sabuwar waƙa a kaset, zai zauna da fensir yana tsayarwa yana rubutawa. Ni kuwa sau biyu zan ji, in juya kaset da biro don kada batir ya ƙare, in ji na uku, shi ke nan ta zauna a hannuna. Kafin ya gama rubuta baiti ɗaya na kai ƙarshe na dawo. Ya sha ajiye mini takardar a cinya.

"Sada, ka koya. Abin ba wuya."

"Oga, mi zan yi da ita? Mawaƙan garin ga wa ke iya rubuta su? Yau su ɗauko nan, gobe can."

"Gaskiya ne. Kunnenka ya fi nawa, ban musa ba. Amma kunne nama ne, yana tsufa."

Ni dariya nake yi. Kuma har gobe ina nan a kan cewa a filin biki kunne ya fi takarda. Takarda ba ta san an fara liƙi ba, ba ta san uwar ango ta shigo fili sai a ja amshi a yi ta maimaitawa har ta gaji ba. Shi ma Oga ya sani, shi ya sa da hannuna ya nuna ya bar mini bes gaba ɗaya, ya koma kan fiyano.

Mun yi aiki, ba ƙarya. Yinin biki, bikin suna, liyafar ban kwana in an yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki, taron 'yan siyasa. Masu biki iri-iri ne. Akwai wanda zai aiko maka da abinci tun kafin ka kunna inji, akwai wanda zai sa ka kafa kaya a rana tsaka ya ce inuwar ta baƙi ce. Wani Alhaji daga Babbar Kasuwa ya taɓa tsayawa a kaina yana kallon hannuna, can ya ce wa Oga, "Wanga na bayan mi yake yi? Ni ban ji yana komai ba, a sallame shi." Oga ya yi mini alama in tsaya. Na ɗauke hannu. Kiɗan ya koma kamar ana buga gwangwanaye, mata suka fara komawa kujerunsu. Alhaji ya waiga hagu da dama ya ce, "A'a, ku mayar da abin nan." Bai dai san sunan abin ba har muka tashi.

Yanzu ga abin da ya kawo mu. Kowace waƙa tana da inda take zaune, tsayin murya ko ƙasa-ƙasanta, mu muna ce masa ki. Mawaƙinku kun san kinsa. Amma a biki kowa mawaƙi ne. Gwaggon amarya za ta karɓe makirufo ta ɗauko waƙa daga inda Allah ya nufa, ba ta tambayi kowa ba, kuma dole ku bi ta. Yadda mu 'yan kunne muke yi, sai ka rage ƙarar jitarka, ka durƙusa, ka manna kunne a jikin lasifika, kana jan yatsa a kan tsirkiya a hankali har ka ji muryarka ta haɗu da tata. Laluben ki ke nan. Ga hayaniyar mata, ga ƙarar janareto, in ba ka manna kunnen ba ba za ka ji kanka ba. Duk mai bes da na sani a ƙasar nan haka yake yi, ba wanda ya taɓa ce mana da illa.

Wani yinin biki a bayan Ƙofar Marusa, bayan la'asar, wata dattijuwa ta karɓi makirufo. Na durƙusa, kunnen hagu a kan lasifika, ina lalube. Ashe ƙanen ango ya ga muryar gwaggonsa ba ta fita sosai, ya zagayo ta bayanmu ya murɗa amfilifaya har ƙarshe. Ita kuma daidai lokacin ta tako da makirufo gaban lasifikar. Kun san ƙarar nan mai tsini da ke tashi. Ku daga nesa kuke toshe kunne, ni a cikin kaina ta tashi. Na ga fari fat. Da na miƙe, wani ruwa mai ɗumi yana bin wuyana, na shafa na ga da jini a ciki. Lawal ya dube ni yana magana, bakinsa kawai nake gani. Na goge da hular kaina, na juya kunnen dama, na samo kin, muka ƙarasa aikin. Ba a ajiye jita a tsakiyar bikin mutane.

Kunnen hagu bai dawo ba. Na ce ai da saura ɗaya, na koma tsayawa ta ɗaya gefen, na ci gaba da manna na dama. Shekaru masu yawa ya ɗauke ni shi kaɗai, bai yi ƙorafi ba.

Sai shekarar da aka kulle gari saboda annoba. Ba biki, ba taro, ko ɗaurin aure mutum kaɗan ake bari. Kayanmu suka yi ta zama a ɗaki har ɓera ya ci takardar lasifika guda. Mai jitar gaba ya koma ƙauyensu noma. Lawal, mutumin da ƙafarsa ba ta taɓa kuskure ba, ya koma jan kurkura, babur ɗin nan mai ƙafa uku, yana kai mata kasuwa. Ni na buɗe tsohon shagon mahaifina, wannan da kuke ciki. A tsakiyar haka zazzaɓi ya kwantar da ni, na tashi da wani kuka a kunnen dama kamar gyare ya shige ciki ya ƙi fita. Na ce zai wuce.

Da aka buɗe gari, muka samu aikin farko, liyafar wani da ya yi ritaya. Masu biki da yawa sun riga sun gano mutum ɗaya da kwamfuta ya fi makaɗa shida araha, saboda haka aikin nan muna riƙe da shi da hannu biyu. Muka fara waƙar da na kaɗa ta fi a ƙirga. A kunnena komai daidai. Sai na ga Lawal yana ɗaure fuska yana nuna mini sama da haɓa. Na matsa gaɓa ɗaya, a kunnena ta yi tsami, shi kuwa ya gyaɗa kai. Nan na gane. Kurma ya san bai ji ba. Ni ina ji, amma abin da nake ji ƙarya ne.

Na je asibiti, likita ya leƙa kunnen, ya sa mini wani abu a kai yana danna ƙararraki ina ɗaga hannu. Ya ce jijiyar ce ta gaji, ba ta gyaruwa, abin da ya rage a lallaɓa shi, in nisanci ƙara. Na ce likita, ƙarar ita ce abincina. Ya ce to in zaɓa. Na fito na zauna a bakin titi na rasa inda zan nufa. Tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji ba, don ban iya komai da zai riƙe gida ba sai abin nan, gyaran rediyo kuwa ya mutu tun zuwan waya.

Bayan kwana biyu Oga Bitrus ya zo nan, ya zauna inda kake zaune, kai mai jar riga. Ya riga ya tsufa, ya yi ritaya, ciwon suga yana cinsa. Bai ce ai na gaya maka ba. Ya matso ta dama ya ce, "Gobe ka zo gida da jitarka."

A tsakar gidansa ya kafa fiyano, ya ce in tsaya ta hagunsa. Ya nuna mini ƙaramin yatsansa na hagu. Ya ce duk inda yatsan nan ya sauka, nan ne gindin kiɗan, nan bes take. In na san sunan kowane haƙori na fiyano, fari da baƙi, na kuma san inda yake a wuyan jitata, ba na bukatar kunne, ido ya isa. Abin da na ƙi koya ina saurayi, shi na zauna koya da furfura a gemu. Do, re, mi, ina yi ina tsaki, matarsa Maman Istifanus tana tankaɗe a gefe tana dariya. Ya yayyanka farar filasta ya manna mini a wuyan jita. Ya samo mini 'yar na'urar saiti mai fitila, in tsirkiya ta daidaita ta nuna kore. Ya ce in riƙa cire takalmi in jingina ƙwaurina da akwatin lasifika. Ƙafa ba ta san ki ba, amma tana gaya maka kana fita, tana gaya maka nauyin bugunka. Shi kuma ya koyi ɗaga yatsan da wuri kaɗan, kafin ya sauke, don in ga inda za shi.

A jikin fiyanon akwai wani maɓalli da ya rufe da filasta. Na tambaye shi. Ya ce na zamani duk suna da shi. In mawaƙi ya ɗauko waƙa a ki mai wuya, sai ka danna shi, injin ya ɗaga muryar ko ya sauke ta, kai kuwa hannunka yana nan inda ka saba.

Ya ce, "In na taɓa shi, yatsana zai nuna maka wani abu, lasifika ta faɗi wani. Ni ba zan taɓa shi ba, kada ka damu."

Haka muka koma aiki, ni da shi da Lawal da duk wanda muka samu. Idona a kan hannun Oga, ƙafata a jikin akwati. Masu biki ba wanda ya gane. Wasu ma cewa suke hannuna ya ƙara nutsuwa. 'Ya'yana suka ci gaba da zuwa makaranta, tukunya ba ta kife ba. Duk gidana a kan ƙaramin yatsan tsoho ɗaya yake tsaye, kuma na sani, shi ma ya sani. In na ga ya rame sai in kasa cin abinci.

Da daminar da ta wuce waccan ya rasu. Na je gaisuwa na zauna a waje tare da maƙwabta. Maman Istifanus ta aiko a kira ni. Ta ce washegari da yamma za a yi masa waƙoƙi a tsakar gida kafin a tafi da shi garinsu, kuma tana so ni in riƙe bes.

Na ce, "Mama, kin san halin kunnena."

Ta ce, "Na sani. Waƙoƙin ai a gidan nan ka koye su, ina ji. Shekara nawa kana gefensa, yau ne za ka zauna a waje?"

Na ce to. Na je na dafa tsirkiyoyina, duk da ina da sababbi, don da waɗannan muka yi aikinmu na ƙarshe.

Gidan ya cika, 'yan cocinsu da tsofaffin ma'aikata da maƙwabta Musulmi a bakin ƙofa. Lawal ya ajiye kurkura ya zo ya zauna kan ganga. A kan fiyano akwai Yohanna, mai yi musu kiɗa a coci, magidanci mai ladabi, kuma ya iya aikinsa, ba zan rage masa komai ba. Da nasa fiyanon ya zo. Na ja shi gefe na ce, "Kunnena ba ya aiki. Zan tsaya ta hagunka, hannunka zan bi."

Ya ce, "Ba damuwa, Baba. Ki ɗaya za mu zauna."

Na cire takalmi, na jingina ƙafa. Waƙa ta farko lafiya, ta biyu lafiya. Hannunsa ya fi na Oga sauri, ba ya ɗaga yatsa da wuri, amma na san waƙoƙin, ina cim masa. Lawal ya dube ni ya gyaɗa kai.

Can sai Maman Istifanus ta miƙe daga cikin mata, ba makirufo ba komai, ta ɗauko waƙar da Oga ya fi so, wadda yake yi in yana goge fiyano. Na gane ta a bakinta. Mace ta kwana biyu tana kuka, muryarta ta dushe, ta ɗauko ta ƙasa da inda aka saba. Yohanna ya yi abin da duk makaɗin kirki zai yi, ya bi ta don kada ta ji kunya. Ya miƙa hannun dama ya danna maɓallin nan. Hannun hagunsa bai motsa daga inda yake ba. Ni kuwa hagun kawai nake kallo. Shekaru ina gefen mutumin da ya rufe nasa da filasta, na manta ma ana taɓa shi. Shi ma Yohanna hankalinsa na kan matar, ya manta da ni.

Na shiga da ƙarfina. Wallahi a hannuna ban taɓa kiɗa mai kyau kamar na ranar ba. Duk abin da mutumin nan ya koya mini na zuba shi, ina sauka tare da ƙafar Lawal, ina jin akwatin yana bugun ƙwaurina. Gaɓa ɗaya tak ke tsakanina da su, kuma a kiɗa babu tazarar da ta fi wannan muni. Da nesa ce da sauƙi. Na ga kawuna suna juyowa wajena, na ga wata tsohuwa ta dafe kunne, na ɗauka kuka ne ya ci ƙarfinta. Na ƙara nauyin hannu.

Sai akwatin ya yi shiru a ƙafata.

Na zaci wuta ce. Na dubi fitilar amfilifaya, tana ci. Na dubi Lawal. Yana kiɗa da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana dawowa daga kan maɓallin ƙarata. Bai kalle ni ba, ganga yake kallo, hawaye na bin gemunsa. Sannan na kai ido kan fiyano na ga 'yar lambar da ke ci a gefen maɓallin nan, na gane komai.

Kun san abin da na yi? Ban tsaya ba. Da na sauke hannu, kowa zai san an kashe ni, matar nan kuma tana tsakiyar waƙar mijinta. Na ci gaba da taka tsirkiya, ina bin yatsan Yohanna gaɓa bayan gaɓa, ba abin da ke fita. Baiti huɗu ne da amshi. Ban taɓa sanin waƙa tana da tsawo haka ba.

Da aka tashi Yohanna ya zo ya durƙusa yana ba ni haƙuri. Na ce ya tashi, aikinsa ya yi. Lawal ya naɗe mini waya, abin da bai taɓa yi ba, ya kai ni gida a kurkura. Kafin mu fita Maman Istifanus ta riƙo hannuna, ta zagayo ta dama da kanta, ta ce, "Na gode, Sada. Ka raka shi." Ta ji abin da kowa ya ji. Na so a ce zagina ta yi.

Ga jitar can a bango, da filastarta. Tun ranar ban sake rataya ta ba. An yi mini tayin wani mai fiyano, an ce zai rufe maɓallin. Na ce a'a. Ba maɓallin ba ne, mutumin da zai ɗaga yatsa da wuri saboda ni ne babu. Yanzu ina liƙa takardar lasifika, ina miƙe wuyan jitocin irinku, abin da ya samu a ci.

Saboda haka wanda har yanzu yake so, ga sharaɗina. Zai koyi kunne, don in babu shi babu biki. Zai koyi takarda da sunan kowace gaɓa tun yanzu, ko yana so ko ba ya so. Kuma ranar da na ga ya kai kansa jikin lasifika, zan kwaɗe shi da wayar nan, ya je ya faɗa wa ubansa. Wanda ya ga da yawa, ga ƙofa, ba a yi faɗa ba.

Me ka ce? Zagayo, na ce maka ta dama. Wace waƙa ce matar ta yi? A'a, ba zan rera maka ba, ban san me zai fito daga bakina ba. Miƙo mini waccan jitar ta kan tebur, kada ka jona ta. Zan nuna maka inda yatsu suke zuwa, kai ka gaya mini ko daidai ne.